Sunan da Ke Gindin Kwano

"Mama ta ce a dakata."

Haka Lamont ya faɗa min, idonsa a kan sitiyari kamar shi ne ya yi masa tambayar.

Muna zaune cikin motarsa a bayan kantin da nake aiki, lokacin hutun rana. Ƙamshin man suya da garin masara yana tashi daga rigarsa. Daga shagon kifin mahaifiyarsa ya taho, ko hular aikin bai cire ba.

"A dakata zuwa yaushe?"

"Ba ta faɗa ba."

"To me na yi mata?"

Ya ci gaba da kallon sitiyari. Na san abin da ke ransa. Tun da yayarsa Sharonda ta rasu, shi kaɗai ne ɗan da ya rage wa mahaifiyarsa Miss Odella a duniya. Ba zai taɓa yin auren da ba ta sa wa albarka ba, ni ma ban taɓa roƙonsa ya yi ba.

"Ta ce kin canza, Nita."

"Na canza yaya?"

Sai yanzu ya juyo. Ya dubi wuyana, ya dubi hannuna, ya dubi rigar aikin da ta yi min yawa har na kama bayanta da fil.

"Da can in kika shigo motar nan sai na ji ta ɗan sunkuya ta gefenki," ya ce, yana ƙoƙarin murmushi. "Yanzu sai na waiwaya na tabbatar kin shigo."

"Wato da can buhun masara kake ɗauka."

"Ni buhuna nake so. Wa ya ce miki na yi ƙorafi?"

Na yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ya miƙo min kwali daga kujerar baya. Tarwaɗa ce soyayyiya, da zafinta, har mai ya huda kwalin.

"Na ci abinci," na ce.

"Me kika ci?"

Tuffa ɗaya da dafaffen ƙwai na ci. Ban faɗa ba. Ya mayar da kwalin a hankali, kamar wanda aka maido wa kyautarsa.

"Ta ce ki zo cin abinci ranar Lahadi in an tashi daga coci. Don Allah, Nita, ki ci abin da ta zuba miki. Shi ke nan abin da nake roƙo."

Na ce to. Na koma bakin aiki, hankalina ba ya jikina har na ba wata mata canji sau biyu.

Abin da Lamont bai sani ba shi ne wannan.

Kakata ta rasu da kansar nono. Mahaifiyata Loretta ma ita ce ta ɗauke ta, ina aji biyu na sakandare. Mutanen gari sun san dai Loretta ta yi doguwar jinya, iyakar saninsu ke nan. A gidanmu ba a kiran sunan ciwon. "Abin nan" ake ce masa.

Da bazarar bana Anti Verlene, ƙanwar mamata wadda ta riƙe ni, ta ɗauke ni a mota har birnin Jackson aka ɗebi jinina. Sakamako ya fito. Abin yana jinina, na gada.

Likitar ba ta yi min kwana-kwana ba.

"Abin da kika gada ba mai canza shi," ta ce. "Za mu riƙa duba ki a kai a kai. Amma ƙiba, da giya, da zama wuri ɗaya, waɗannan a hannunki suke. Ban ce za su tsare ki ba, ba zan yi miki wannan alkawarin ba. Na dai ce kada ki taya shi aiki."

Daga ranar na bar shayin sanyi mai sukari. Na bar soye-soye. Na fara fita tafiya da safe a bakin gonakin auduga kafin na tafi aiki.

A garinmu kuwa ba a tafiya a ƙasa. Wanda aka gani yana takawa a bakin titi, ko dai motarsa ta mutu, ko kansa ba daidai ba. Kullum sai wata daga cikin matan coci ta ci birki ta sauke gilashi.

"Renita, 'yata, shigo na kai ki."

"Na gode, tafiya nake yi."

"Na ga tafiya kike yi. Shi ya sa na tsaya."

Kafin wata ya cika kowa ya san 'yar Loretta tana yawo a bakin gona da sassafe, kuma tana ramewa.

Sai maganar kwano. Duk Lahadi Miss Odella takan cika min kwanonta mai shuɗin baki, ta lulluɓe da foyil, ta ce na tafi da shi gida. Kaza soyayyiya, makaroni da cuku, burodin masara mai man shanu. Zubarwa zunubi ne. Ci kuma ba zan iya ba, don na san kaina, in na fara ba na tsayawa. Sai na riƙa tsallakawa wurin maƙwabcinmu Mista Ezell, tsoho ne da matarsa ta rasu, na juye masa a nasa faranti, na wanke kwanon na mayar.

Lahadin da ta wuce ina sauri. Na miƙa masa da kwanon gaba ɗaya, na ce zan dawo na karɓa. Ban koma ba.

Da na isa gida ranar da Lamont ya kawo min saƙon, na tarar da Anti Verlene tana guga a falo. Kallo ɗaya ta yi min.

"Ta ce a'a ko?"

"Ta ce a dakata."

"A bakin Odella duk ɗaya ne." Ta kifa dutsen gugar. "Allah ya taimake ki, ba ki sani ba."

"Anti, don Allah."

"Don Allah me? Ki auri mai suya, ki tare a gidan da ko iskar cikinsa mai ce. Safe kifi, dare kifi. Ki ce ba ki ci, uwar miji ta ce kin raina ta. Ki ci, ki koma yadda kike. Wanne kika zaɓa?"

Na zauna a hannun kujera.

"Kuma da me zai riƙa biyan hoton ƙirjin da za a yi miki a asibiti duk shekara? Da ƙashin tarwaɗa? Shagon nan ba shi da inshorar lafiya, na bincika."

"Kin bincika?"

"To wa zai bincika? Uwarki?"

Maganar ta faɗo tsakaninmu. Ita ma ta ji nauyinta, don ta sauke murya.

"Purnell ya zo ɗazu. Ya kawo miki lemo kwando guda."

Mista Purnell Gaddis ke nan, mai nuna wa mutane wurin zama a cocinmu. Yana aiki a kamfanin wuta, matarsa ta rasu, ya girme ni nesa ba kusa ba. Mutumin kirki ne, ba ni da abin da zan ce a kansa. In yana magana da ni sai na ji kamar ina gaban shugaban makaranta.

"Inshorarsa har haƙori tana biya," in ji Anti.

"Inshora zan aura ko mutum?"

"Inshorar. Mutumin kyauta ake haɗo miki da shi."

Ban yi dariya ba. Hawaye ne suka zo.

"Ni Lamont nake so. Tun ina 'yar shekara sha shida shi nake so, kin sani. Bari na gaya musu gaskiya kawai, na huta."

Ta cire filogin dutsen gugar, ta zo ta tsaya a kaina.

"Ki gaya wa Odella Pettway cewa matan gidanku ba sa tsufa? Matar da ta binne 'yarta? Kina jin za ta ɗauki ɗanta tilo ta ba ki, ta zauna jiran ranar da zai tsaya a bakin kabari da jariri a hannu?" Ta girgiza kai. "Kuma abin da ya shiga kunnen Odella ya shiga shagon kifi. Abin da ya shiga shagon kifi ya shiga gari. Ni ban shirya a riƙa kallon ƙirjina a coci ba."

Ita ma an cire mata nono ɗaya tun ina ƙarama. Ni kaɗai na sani. Duk Lahadi tana gyara rigarta a gaban madubi, ta je ta tsaya a sahun gaba na mawaƙa, ba wanda ya taɓa lura.

"Ki yi shiru da bakinki," ta ce. "In ta fasa, ta fasa. Purnell yana nan."

Kwanakin da suka rage kafin Lahadi ban san yadda suka wuce ba. In na zauna sai na tashi. In na ɗauko waya zan kira Lamont sai na ajiye. Na shirya maganar da zan faɗa wajen kala goma, kowacce na kai tsakiya sai ta watse.

Na yanke shawara ɗaya dai. Zan ci. Rana ɗaya ba za ta kashe ni ba. Duk abin da ta zuba zan cinye, na yaba, na nemi ƙari.

Ranar Lahadi da na shiga gidan sai gabana ya faɗi.

Teburin Miss Odella ba ya rasa mutane. Ƙannenta, 'ya'yansu, wani lokacin har Fasto. Yau faranti uku ne kawai. A tsakiyar teburin kuma ga kwano mai shuɗin baki, cike fal da ɓararren pikan, ɗan itacen nan mai kama da gyaɗa.

Na gane pikan ɗin. Na bishiyar Mista Ezell ne.

"Shigo, 'yata," ta ce. "Zauna nan, kusa da ni."

Tana sanye da rigar cocinta ruwan hoda, ta ɗaura ƙyallen girki a kai. Mace ce mai jiki, mai faɗin fuska, in ta yi dariya duk ɗakin yake amsawa. Yau ba dariya.

Lamont ya yi addu'ar abinci. Da ya ce amin ta ja farantina ta fara zubawa. Ta zuba, ta ƙara, ta danna da bayan cokali ta sake ƙarawa.

"Ezell Tubbs ya zo shago ranar Talata," ta ce, ba ta dube ni ba. "Tsohon kirki. Ya san ba a mayar da kwano wayam."

Ta ɗaga kwanon da hannu biyu ta karkata shi yadda zan ga gindinsa. Ga ɗan farin tef ɗin da kowace mace a cocinmu take liƙa wa kwanonta don kada ya ɓata a wurin taro. An rubuta O. Pettway da baƙin biro. Sau nawa na wanke kwanon nan, ban taɓa kawo tef ɗin a raina ba.

"Ya ce tun bazara yake cin girkina bai san wa zai gode wa ba, sai da ya kifa kwanon zai shanya. Ya ce har wandonsa ya matse shi." Ta ajiye. "Na ce masa ba komai, Ezell, ka ci lafiya."

Lamont ya dube ni. "Tun bazara?"

"Miss Odella, ki yi haƙuri, ni…"

"Ba haƙuri nake nema ba. Abinci ne, wani bawan Allah ya ci, ya yi masa amfani." Ta turo farantin gabana. "Ci."

Na ɗauki cokali mai yatsu. Na yanko kazar. Na kai bakina. Na tauna, na tauna, abin ya ƙi wucewa. Idonta yana kaina. Sai na ji hawaye yana ɗiga a kan makaronin.

"Ka gani ko?" ta ce wa Lamont, a hankali. "Na gaya maka."

"Mama, bari mana."

"Ba zan bari ba. Na bari sau ɗaya, na ga inda ya kai ni." Ta juyo gare ni. "Haka Sharonda ta fara. Ta daina ci. Ta riƙa ɓoye abinci a ƙarƙashin gado tana ce min ta cinye. Riguna suka yi mata yawa. Aka riƙa zuwa ana gaya min an gan ta da sassafe tana yawo a bakin titi. Na ce ƙarya ne, 'yata ba ta shan komai. Sai da na same ta a bayi."

Ta goge ido da bakin ƙyallen girkin.

"Ki gaya min me kike sha, Renita. Ƙwaya ce? Wa yake sayar miki? Ba zan kira 'yan sanda ba. Zan kai ki inda ake taimakon mutane, da motata, da kuɗina. Na san uwarki, tare muka yi makaranta. Amma ba zan ɗaura wa ɗana wannan a wuya ba."

Duk tunanin da na kwana ina yi, ban taɓa kawo wannan ba. Na zaci raini take gani. Na dubi Lamont don ya ce wani abu, sai na ga kansa a ƙasa. Ashe shi ma ya daɗe yana tsoron haka.

"Kai ma?" na ce.

"Ban ce na yarda ba, Nita. Amma ba kya gaya min komai. In na tambaye ki sai ki ce ba komai. Me zan ɗauka?"

Muryar Anti Verlene tana kunnena, ki yi shiru da bakinki. Na ajiye cokalin.

"Ban taɓa shan komai ba. Ko giyar Kirsimeti na bari."

"To mene ne?"

"Kin san me ya kashe mamata?"

"Ta yi jinya."

"Kansar nono ce. Ita ce ta kashe kakata ma. An gwada jinina a Jackson, na gada." Ban taɓa faɗin sunan da ƙarfi ba sai ranar. "Ba ni da shi yanzu. Lafiyata ƙalau. Wataƙila ya zo, wataƙila kada ya zo. Likita ta ce na rage jiki, na riƙa motsawa, ko na rage masa hanya. Shi ya sa nake tafiya. Shi ya sa ba na cin kazarki, ba don ba na so ba. Allah ya sani har mafarkinta nake yi."

Lamont ya ture farantinsa gefe.

"Me ya sa ba ki gaya min ba?" Lamont ya tambaya. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Don kada a ce kada ka aure ni."

"Kullum ina kawo miki kifi. Kullum ina tsokanarki kin rame. Kika bar ni ina yi?"

"Na ji tsoro."

"Tsoron wa? Ni?" Ya tashi, ya zaga teburin, ya durƙusa a gefen kujerata. "Ke, in tafiya ce mu yi ta tare. In gasawa ake so, na iya gasa kifi, soyawa ce kawai ta fi kawo ciniki." Ya ɗaga kai. "Mama, kin ji dai. Ba abin da kike tsoro ba ne. Ni ko gobe aka ce, na shirya."

Fuskar Miss Odella ta yi wani iri, ba fushi ba, ba tausayi ba. Hannunta na dama yana dafe da ƙasan hammatarta ta hagu, kamar mai riƙe jaka kada a fizge. Na tuna na sha ganinta haka a coci in ana waƙa, na ɗauka gajiya ce.

"Kai zauna ka ci abincinka," ta ce. "Ke taso."

Ta shige ɗakinta, na bi ta. Ta rufe ƙofa ta murɗa makulli.

Na tsaya a tsakiyar ɗakin ina jiran hukunci. Ta zauna a bakin gado, gadon ya yi ƙara. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

"Loretta ta je asibiti da wuri?"

"A'a. Ta ji shi ta yi shiru. Sai da ya fara fitar da ruwa Anti ta gani."

"Uhm."

Sai ta fara ɓalle maɓallan rigarta, daga sama.

"Kawo hannunki."

"Miss Odella…"

"Kawo, na ce."

Ta kama yatsuna ta kai su gefen nononta na hagu, can wajen hammata, ta danna. Na ji shi. Tauri kamar tsakuwa, ba ya gocewa. Fatar wurin ta ɗan lotsa ciki.

Na ɗaga kai na dube ta.

"Tun yaushe?"

"Tun Ista. Lokacin bai kai haka ba." Ta saki hannuna ta fara mayar da maɓallan. "Ke da kika san abubuwan nan, mene ne?"

"Ni ba likita ba ce. Ba kowane ƙullutu ne shi ba. Amma dole a duba, gobe-goben nan."

"Ba inda zan je."

"Don Allah."

"Yayata Ruthie ta je. Da ƙafarta ta shiga, suka buɗe ta. Kowa ya san da iska ta taɓa abin nan shi ke nan, sai ya bazu. Ba ta ga wata shekarar ba."

"Ba iska ba ce, Miss Odella. Jinkiri ne." Na san abin da zan faɗa ba nawa ba ne, amma ya riga ya zo bakina. "An yi wa Anti Verlene aiki tun ina firamare. Ga ta nan."

Ta zuba min ido. "Verlene? Wadda ta tsaya gabana yau tana ta ƙwala mana waƙa?"

"Ita."

Na ga abin ya shige ta. Na ga ta yi kamar za ta ce wani abu. Sai ta kau da kai.

"Wannan ita ce. Ni in na kwanta wa zai riƙe shago? Ga bukukuwa sun taho. Kuma yaron nan ya ɗauki gawar yayarsa da hannunsa. Ba zan zaunar da shi a barandar asibiti yana jira ba. In Ubangiji ya kira ni, na tafi a tsaye, da cokalina a hannu."

Ta miƙe ta gyara wuyan rigarta a madubi. Da ta juyo, ta koma Miss Odella da kowa ya sani.

"Saurara. Na yi miki mummunan zato, na karɓi laifina. Yarinyar da ta iya riƙe abu irin wannan tun bazara ba ta faɗa ba, za ta iya riƙe gida. Na ba ki shi. A ɗaura kafin Kirsimeti, ina so na gani da idona. Ki gasa kifinki, ki yi tafiyarki, ba mai ce miki komai a gidan nan."

Abin da na shekara ina roƙon Allah ke nan. Na ji shi da kunnena.

"Amma abin da hannunki ya taɓa, a ɗakin nan zai kwana. Ranar da Lamont ya ji shi daga bakinki, ranar na janye. Kin san kuma ba zai yi auren ba sai da yardata."

"Kada ki yi min haka."

"Na riga na yi."

Na fashe da kuka, na toshe baki da hannu kada ya ji. Na ga rigar aure. Na ga kaina a coci, Lamont yana jira a gaba. Na kuma ga mamata a kicin ɗinmu tana wanke-wanke da hannu ɗaya, tana ce min ba komai, kafaɗa ce kawai take ciwo.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Mama? Nita? Lafiya dai?"

Miss Odella ta miƙo min hankici. "Goge fuskarki. Je ki ba shi albishir."

Na goge. Na murɗa makullin. Yana tsaye a bakin ƙofa, bai taɓa abincinsa ba, idonsa yana yawo tsakanina da ita.

"Me ta ce?"

"Ta amince," na ce.

Fuskarsa ta buɗe. Ya miƙo hannu zai kama nawa, sai na ja baya.

"Renita," in ji Miss Odella daga bayana, can ƙasa-ƙasa. "Yi tunani."

Na yi. Ni da ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba, na ji muryata ta fito ba ta rawa.

"Lamont, gobe ba za a buɗe shago ba. Akwai ƙullutu a nonon Mama tun Ista. Da safe za mu kai ta Jackson."

Hannunsa ya tsaya a iska. Ya dubi mahaifiyarsa ta saman kafaɗata.

"Mama?"

Ba ta dube shi ba. Ni take kallo.

"Ɗauki jakarki," ta ce. "Kin zaɓa."